Digirin Digirgir: Me Ake Bincikowa, Kuma Wa Yake Amfana?

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da ɗalibin digirin digirgir ya san tambayar da ta fi ƙona masa rai: "Wai har yanzu ba ka gama ba?" Akwai ta biyu da ake yi bayan ya ba da baya, wato ko wannan dogon karatu na tsinana wa kowa wani abu ban da ƙarin lakabi a gaban sunan mai shi. Tambayoyin da ke tafe daga bakin iyaye suka fito, da ɗalibai masu shirin shiga, da waɗanda ke ganin asarar kuɗi kawai ake yi. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a zaman jami'a da abin da tarihin bincike ya nuna.

Mene ne digirin digirgir, kuma me ya raba shi da na farko da na biyu?

A digiri na farko ana ɗura maka abin da aka riga aka sani. A na biyu sai a zurfafa da kai cikin reshe ɗaya, a ɗan ɗanɗana maka bincike. Na uku kuwa sharaɗinsa guda ne: ka zo da wani abu da ba a sani ba kafin zuwanka, ka kuma nuna hanyar da ka bi, yadda wani zai iya bin sawunka ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka. Ba dole sai abin ya girgiza duniya ba. Gyara kuskure ɗaya da masana suka daɗe suna gadar wa juna ya isa, in dai da hujja.

Kalmar dakta daga harshen Latin ta samo asali, ma'anarta malami mai koyarwa. PhD kuma, sunan wannan digiri a Turance, taƙaitawa ce ta "daktan falsafa", falsafa a tsohuwar ma'anarta ta son hikima, shi ya sa masanin sinadarai da masanin tarihi duk suna ɗaya ake ba su. Jami'o'in Turai sun daɗe suna ba da lakabin dakta, amma ɗora shi kan sabon bincike a Jamus ya yi ƙarfi, musamman bayan kafa Jami'ar Balin a 1810 bisa ra'ayin Wilhelm von Humboldt na haɗa koyarwa da bincike a hannu ɗaya. Yale ce ta fara ba da shi a Amurka a 1861. Ingila ta yi nawa, sai a 1917 Oxford ta shigo da shi.

Me ya sa yake cin shekaru haka?

A Birtaniya shekara 3 zuwa 4 aka saba, a Amurka kuma 5 zuwa 7, domin can sai an fara shiga aji an ci jarrabawa kafin a sakar wa mutum mara ya shiga bincikensa. Mai haɗawa da aikin albashi sau da yawa sai ya ninka.

Shekarar farko kusan duk a karatu take ƙarewa, abin da ake kira bitar ayyukan da suka gabata. Kana neman giɓin da ba a cike ba. Sai ka yi wata shida kana murnar ka samu batu, ka tarar wani ya riga ka da shekara ashirin, ya kuma fi ka iyawa. Daga nan sai gwajin da ya ƙi, da na'urar da ta lalace, da mutanen da suka yi alkawarin hira suka ɓace. Mai binciken amfanin gona in gwajinsa ya baci dole ya jira wata daminar, ba yadda zai yi ya gaggauta ta.

Yawan shafuka kuwa ba shi ne mizani ba. A fannonin adabi da tarihi jami'o'in Ingila kan ƙayyade kalmomi 80,000 zuwa 100,000. Kundin da John Nash ya miƙa a Princeton a 1950 shafi 28 ne kacal, kuma aikin da ke cikinsa ne ya kai shi ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 1994.

Aikin iri ɗaya ne a kowane fanni?

Ko kusa. Ɗalibin kimiyyar halittu a ɗakin gwaje-gwaje yake wuni, cikin ayarin mutane biyar ko goma, kuma sau da yawa mai duba aikinsa ne ya zaɓa masa batu daga cikin babban aikin da aka samu tallafinsa. Ɗalibin lissafi allo da takarda sun ishe shi, yana iya yin wata uku bai matsa daga layi ɗaya ba. Na tarihi yana ma'adanar tsofaffin takardu yana fama da rubutun hannun wanda ya mutu shekara ɗari da suka wuce. Na ilimin zamantakewa yana cikin mutane da rikoda da littafin rubutu, yana koyon yadda ake tambaya ba tare da an cusa wa mutum amsa a baki ba.

Abin da ya haɗa su shi ne kowa sai ya amsa tambaya ɗaya: ta yaya ka sani?

To ina amfanin wannan ga wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba?

Bari in ba da labari ɗaya daga farko har inda ya tsaya yau. A kusa da garin Santa Pola, a gaɓar tekun Sifaniya, akwai tafkunan gishiri. Cikinsu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu jure gishirin da zai kashe kusan kowane abu mai rai. Wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Alicante, Francisco Mojica, aikinsa shi ne gano yadda suke jure canjin gishirin. Da za a tara mutane a tambaye su ko a ba wannan bincike kuɗi, ina jin da yawa dariya za su yi.

Yana cikin karanta jerin ƙwayoyin gadon halittun sai ya ci karo da wani abu: wasu gajerun sassa na maimaita kansu, da tazara a tsakaninsu, kamar carbi. Ya buga abin da ya gani a 1993. Bai san amfaninsu ba, amma ya ƙi sakin su. Bayan shekara goma ya lura cewa abin da ke cikin tazarar ya yi daidai da sassan ƙwayoyin bairos masu kai wa waɗannan halittu hari. Wato halittar na ajiye hoton maƙiyinta ne don ta gane shi in ya dawo ta datse shi. Manyan mujallu suka yi ta mayar masa da takardarsa, sai a 2005 ta fito. Wannan tsari shi ake kira CRISPR.

A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna ana iya saita wannan tsari kamar almakashi ya yanka inda ake so a jikin ƙwayoyin gado, aka ba su Nobel a 2020. A Nuwamba 2023 Birtaniya ta amince da magani na farko da aka gina kan wannan dabara, Amurka ta biyo baya a Disamba. Maganin na ciwon sikila ne. Shekara talatin ke nan daga tafkin gishiri zuwa gadon asibiti, ta hannun ɗaruruwan masu bincike a ƙasashe da dama.

Kada kuma a yi saurin guɗa. Tsadar maganin ta fi ƙarfin kusan duk masu ciwon, waɗanda mafi yawansu a Afirka da Indiya suke, kuma yana buƙatar asibitin da ke iya dashen ɓargo. Yadda za a sauko da shi inda ake buƙatarsa wani binciken ne na daban, kuma na masana tattalin arziki da shari'a da lafiyar al'umma ne kamar yadda yake na likitoci.

Amma ai wannan dace ne. Me zai hana a ce kowa ya binciki abin da amfaninsa ke a fili?

Akwai irin wannan bincike, kuma yana da kyau. Albert Schatz yana ɗalibi mai shekara 23 a Jami'ar Rutgers ya shiga neman maganin ƙwayoyin cuta a cikin ƙasa da gangan, ya kuma samo streptomycin a 1943, magani na farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Abin da ya fita nema shi ya samo.

Matsalar ita ce ba wanda ya iya tantance mai amfani tun daga nesa. Clair Patterson, ɗalibi a Jami'ar Chicago a ƙarshen shekarun 1940, an ba shi aikin auna dalmar da ke cikin duwatsu don a lissafa shekarunsu. Duk awon da ya yi sai ya ga dalma ta wuce kima. Ya wanke kwalabe, ya goge ƙasa, ya sake ruwa, abin na nan. Sai ya gane dalmar daga iska take, da ƙura, da tufafinsa, har da gashin kansa. Dole ta sa ya ƙirƙiri ɗakin gwaji mai tsananin tsabta. A 1956 ya fitar da lissafinsa na shekarun duniya, biliyan 4.55, adadin da har yau masana ke aiki da shi.

Allura kuma ta tono garma. Tambayar daga ina wannan dalma take ta kai shi ga ruwan teku da ƙanƙarar Girinlan, ya nuna cewa ta ƙaru ƙwarai tun da aka fara zuba ta a man fetur a shekarun 1920. Masu masana'antar ba su ji daɗinsa ba, ya rasa kwangiloli, aka yi ta ƙoƙarin mayar da shi saniyar ware. Gubar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996, Aljeriya ce ƙasar ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. Mutumin da aka aika ya ƙirga shekarun dutse ne ya taimaka aka tsabtace iskar da yaran duniya ke shaƙa.

Wannan duk kimiyya ce. Tarihi da harshe da ilimin zamantakewa fa?

Amfaninsu ba ya zuwa a kwalba, shi ya sa ake raina su. Elinor Ostrom ta kammala digirinta a 1965 a Kalifoniya, kan rijiyoyi. Masu jan ruwan ƙarƙashin ƙasa a wani yanki kusa da Los Angeles sun ja fiye da kima har ruwan teku ya fara kutsowa. Ta bi yadda su da kansu suka zauna, suka je kotu, suka raba kaso, suka kafa masu sa ido. A wancan zamani ra'ayin da ya yi ƙarfi shi ne duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, sai dai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa ɗan kasuwa. Ostrom ta shafe shekaru tana tattaro misalai: manoman rani a Nepal, makiyaya a tsaunukan Suwizalan, masunta a Turkiyya. Ta nuna jama'a na iya riƙe abinsu, ta kuma fayyace sharuɗɗan da ke sa hakan ya ɗore, kamar a san iyaka, masu amfani su sa baki a dokar, hukunci ya fara da sauƙi ya riƙa tsananta. Ita ce mace ta farko da ta samu Nobel ta tattalin arziki, a 2009. Duk inda ake rikicin ruwa ko daji ko kiwo, aikinta na da abin cewa.

Kenneth Dike kuma, masanin tarihi ɗan Najeriya, ya kammala nasa a Landan a 1950 kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta a ƙarni na 19, a lokacin da manyan malamai a Turai ke ganin tarihin Afirka shi ne labarin abin da Turawa suka yi a cikinta. Ya sa mutanen wurin a tsakiyar labarin, ya ɗauki abin da aka adana a baka a matsayin hujjar da za a auna. Abin da yaro ke karantawa game da kakanninsa a littafin makaranta daga irin wannan aiki yake gangarowa. Haka ƙamus, da ƙa'idar rubutu, da littafin koyon karatu a harshen uwa: bayan kowanne akwai wanda ya zauna ya yi nazarin sauti da nahawu.

Gaskiya ne yawancin kundaye ƙura kawai suke sha?

Da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata mu ji haushin masu faɗa ba. Na taɓa neman wani kundi a wata jami'a, aka kai ni wani ɗaki aka buɗe. An jibge su tun daga ƙasa har kusa da rufi, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, na ƙasa gara ta fara cin su. Wanda na ɗaga na farko, shafukansa a manne suke, alamar tun ranar da aka ɗaure shi ba wanda ya buɗe. Shekarun wani ne a ciki.

Laifin a rabe yake. Akwai batutuwan da tun farko don a samu takarda aka zaɓe su, a canza sunan wuri a maimaita aikin wani. Akwai rubutun da aka cika da manyan kalmomi har mai shi ma ba zai iya fassara wa mahaifiyarsa ba. Akwai mujallun da ke kulle sakamako sai mai kuɗi, abin da ya haifar da fafutukar buɗe ilimi kyauta, wadda sanarwar Budapest ta 2002 ta ƙarfafa. Jami'o'i da yawa yanzu na ɗora kundaye a intanet, kuma gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, inda ɗalibi ke bayanin aikinsa cikin minti uku ga wanda ba fanninsa ba, ta yaɗu ƙasashe da dama. A ganina ya kamata wannan ya zama wajibi. Wanda ya yi hira da mutane ya kwashi bayanansu, bashi ne a kansa ya koma ya faɗa musu abin da ya gano, cikin harshen da suke ji.

Sai dai ko kundin da ba a karanta ba ya bar abu guda: mutumin da ya rubuta shi. Ya koyi bambanta hujja da zato, ya koyi cewa "na yi kuskure". In aikin na gaskiya ne, wannan ba ya shan ƙura.

Wa ke cin ladan binciken, ɗalibi ko malaminsa?

Nan ne wani lokaci kura ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi. Schatz ya gano streptomycin, amma Selman Waksman, shugaban ɗakin gwajin, shi kaɗai aka ba Nobel a 1952, alhali tun 1950 shari'ar da Schatz ya shigar ta ƙare da amincewa cewa tare suka gano shi.

Jocelyn Bell tana ɗaliba a Cambridge ta shafe shekara biyu tana taya kafa turaku da jan wayoyi na wata na'urar sauraron sararin samaniya. Na'urar na fitar da takarda kusan mita 30 kullum, ita kuma tana bin ta da ido. A 1967 ta lura da wani ɗan zane da bai kai faɗin farce ba, yana dawowa daga kusurwa ɗaya ta sama. Wani sabon nau'in tauraro ne mai bugawa kamar zuciya. Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle. A 2018 aka ba ta wata kyautar ta dala miliyan 3, ta sadaukar da ita duka don ɗaukar nauyin ɗaliban digirin digirgir da ba kasafai irinsu ke samun shiga fannin fiziks ba.

Adalci shi ne a ce malamai da yawa na ba da batu, da kayan aiki, da shekarunsu. Amma tun da wuri a yi maganar sunan wa zai fara zuwa a takarda.

Yaya ake kare kundi?

A Ingila ɗaki ne a rufe, da masu jarrabawa biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje, a yi awa biyu ko uku ana bin aikin shafi-shafi. Yawanci da gyare-gyare ake fita, ƙanana ko manya. A Holan da Suwidin da Finlan a bainar jama'a ake yi, iyali na zaune. A Finlan ma, a bikin yaye daktoci har hula da takobi ake ba su. Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ba mai wuya ba ce: "Faɗa mana a taƙaice, me ka gano?"

Dole sai mutum ya zama malamin jami'a?

A'a, guraben ma ba su isa ba. Amurka kaɗai na yaye sama da mutum 50,000 a shekara. Da yawa na tafiya masana'antu, asibitoci, ma'aikatun gwamnati da hukumomin ƙididdiga. Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus, a kimiyyar sinadarai ta yi nata a 1986. Wangari Maathai ta yi nata a Jami'ar Nairobi a 1971 kan ƙirar jikin dabbobi, mace ta farko a Gabashi da Tsakiyar Afirka da ta kai wannan matsayi, amma da dashen itatuwa duniya ta san ta, har ta samu Nobel ta zaman lafiya a 2004. Larry Page da Sergey Brin ba su ma tsaya sun gama ba, binciken da suke yi a Stanford ne ya zama Google a 1998.

Digirin girmamawa fa? Da masu satar fasaha?

Na girmamawa karramawa ce, ba kundi, ba karewa, kuma ba ya sa mutum ya iya duba aikin ɗalibi. Satar fasaha kuwa komai daren daɗewa tana iya tonuwa. Ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa. Shugaban Hungari Pál Schmitt ya bi sahu a 2012, kan kundin da ya rubuta shekara ashirin kafin nan.

Wa ke sa ido kada a cutar da mutane da sunan bincike?

Kwamitin ɗa'ar bincike, wanda sai ya sa hannu kafin ɗalibi ya taɓa mutum ko dabba ko bayanan sirri. Ɗalibai na ƙorafin yana ɓata lokaci, amma ruwa ba ya tsami banza. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda ciwon ke ci, har bayan an samu fenisilin da ke warkar da shi. Sanarwar Helsinki ta 1964 da dokokin da suka biyo baya sun tsaya kan cewa sai an yi wa mutum bayani ya fahimta, ya yarda da kansa, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so.

Ina tunanin shiga. Me zan fara dubawa?

Mai duba aikin, kafin sunan jami'ar. Nemi ɗalibansa na da, ka tambaye su a keɓe: kwana nawa babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo? Mutum nawa suka fara da shi, nawa suka gama? In ka saɓa masa a ra'ayi, yana sauraro?

Sai abin da za ka ci a tsawon shekarun, kai da waɗanda ke ƙarƙashinka, domin tallafi kan ƙare kafin aiki ya ƙare. Sai kaɗaici, wanda ba a cika faɗa ba: za ka kai matsayin da mutum uku ko huɗu ne a duniya suka damu da abin da ya hana ka barci. Ka nemi abokan tafiya tun shekarar farko, ko da ba fanninku ɗaya ba.

Daga nan ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya, ka ajiye takardar wata guda ba ka duba ba. In ka ɗauko ta ka ji har yanzu kana son sanin amsar, ka rubuta wa malamin wasiƙa, ka haɗa da shafi biyu na abin da kake son yi da dalilin da ya sa shi ka zaɓa.